Masu dashen bakin titin Samaru: ku nemi gauɗe, ku bar ta waje

Jama'a duk mai son fulawa mai ƙamshi a tsakar gida ga abin da na gani wajen wani mai dashe a hanyar Samaru, cikin waɗanda ke jera tukwane da baƙaƙen ledoji a bakin titi.

Iri biyu ne a wajensa, kuma 'yan gida ɗaya ne, dangin bishiyar kofi. Akwai gadeniya ta waje wadda asalinta daga yankin Sin da Japan take, ganyenta kore shar yana sheƙi, furen fari ninki ninki, ita suke turawa gaba don ta fi tsada. Ɗayar kuwa gauɗe ce tamu ta daji, an ajiye ta can baya.

Ni dai gauɗen zan ce ku ɗauka. Ta wajen nan akwai iyayi wallahi, tana son ƙasa mai ɗan tsami da iska mai laima, to ina laima a Zariya daga Nuwamba zuwa Maris? Hunturu na shigowa ganyen ya fara rawaya, ƙunshin furen ya zube tun bai buɗe ba, kai ta jido ruwa a banza. Gauɗe ko a jikinta, ko gobarar daji ta bi ta kanta sai ta sake tohowa. Gajeruwa ce, rassan a murɗe, ganyen ya taru a bakin reshe, furen yana da dogon wuya, fari yake buɗewa sannan ya rikiɗe ruwan ɗorawa, ƙamshin kuma da yamma ya fi tashi. 'Ya'yan in sun nuna ana ci, amma ku tambaya da kyau don akwai gauɗen kura, ita nata 'ya'yan tauri gare su ba a ci.

Mutumin yana da kirki gaskiya, ya ce min Hajiya kar ki cika wa gauɗen ruwa, kuma ki yi haƙuri ba ta saurin girma. Inda ya rage min maki shi ne babu suna a jikin ko leda ɗaya, in ba ya nan yaronsa komai ka nuna sai ya ce fulawa ce. Ƙasar ledar ma ta yi yumɓu da yawa, ku haɗa da yashi da takin gargajiya kafin ku dasa.

Ku je farkon damina, wajajen Mayu ko Yuni, kuma a yi ciniki, kuɗin farko ba shi ne na gaskiya ba.