Jakar ruwan zafi ta roba: tana sauƙaƙa ciwon mara, amma ba ta buɗe bakin mahaifa

Jakar ruwan zafi ta roba, mai cin lita 2, wadda ake samu a kyamis-kyamis na cikin Gombe da wajen masu sayar da kayan asibiti, tana cikin 'yan abubuwan da za mu ce wa mai ciwon mara ta saya ba tare da wata-wata ba. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ba ta jiran a kawo wuta, kuma aikinta yana da dalili. Lokacin al'ada mahaifa tana sakin wani sinadari, furostagilandin, da ke sa ta riƙa murɗawa don ta fitar da jini. Idan murɗawar ta yi ƙarfi sai ta matse nata jijiyoyin jinin, ciwo ya taso daga mara ya sauka ƙugu da cinyoyi. Ɗumi kamar na digiri 40 yana sassauta tsokar, jini ya koma gudu. Bincike ya nuna ɗumin da ya ɗauki sa'o'i a kan mara yana rage ciwon kusan yadda ibuprofen ke yi.

Sai dai ba kowace jaka ce ta saye ba. Ki karɓe ta a hannu, ki lanƙwasa wuyan, ki duba ko robar ta fara tsattsagewa ko tana danƙo. A jikin masu kyau akwai tambari kamar fure mai ganye 12: lambar tsakiya ita ce shekarar da aka ƙera ta, ɗigogin cikin ganyen kuma suna nuna watan. Roba tana tsufa ko ba a taɓa ta ba, balle wadda ta yi bazara biyu a shago mai rufin kwano. Wadda ta haura shekara 2 ki bar musu kayansu. Ki nemi rubutun BS 1970, wato ƙa'idar Ingila ta irin waɗannan jakunkuna, sannan ki kwance murfin ki ga ko zoben robar da ke hana yoyo yana nan lafiya. Yoyon wuya da murfi yakan jawo ƙuna.

Tafasasshen ruwa ba ya shiga jakar nan. A sauke shi ya huce na 'yan mintoci, ko a sirka da na sanyi. Ki riƙe ta a wuya, ki zuba a hankali zuwa kashi biyu cikin uku, ki kwantar da ita kaɗan har ruwan ya leƙo baki don iska ta fita, sannan ki ɗaure. Iskar da aka bari a ciki ita ke kumbura jakar ta tura murfin. Ki juya ta ƙasa ki ga ko tana ɗiga, ki naɗe ta da tawul ko zani ninki biyu, ki ɗora a mara ko ƙugu minti 15 zuwa 20, ki ɗaga fata ta huta, ki sake. Kada a kwanta a kanta, kada a yi barci da ita. Idan fatar mara ta fara yin zane-zanen duhu kamar raga, zafin ya yi yawa ne kuma ya daɗe a wuri ɗaya. In an gama a zubar da ruwan, a rataye ta baki ƙasa, ba murfi, a inuwa.

Mai caji da ta cika kasuwa yanzu ta fi kyan gani, amma ba mu fifita ta ba. Ranar da ciwo ya zo ba wuta, ba ta da amfani, kuma masu arahar cikinsu sukan kumbura ko su fashe in na'urar da ke yanke zafin ta lalace. Wadda ta riga ta saya, kada ta ɗora ta a jiki tana kan caji.

Jakar ta fi aiki idan aka haɗa ta da magani a kan lokaci. Ibuprofen miligiram 400 bayan kowace sa'a 8, a kan abinci, tun daga alamar farko ta ciwo, na kwana 2 zuwa 3. Jira har ciwo ya kwantar da ke shi ke sa a ce maganin ba ya yi. Kada a haɗa shi da diclofenac ko piroxicam, dangi ɗaya ne, ciki da ƙoda ke ɗaukar wahalar. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai asma da irin wannan magani ke tayar mata, da mai zaton ciki, su tsaya ga paracetamol har su ga likita. Motsa jiki ma yana rage ciwon, amma na duk wata, ba na ranar kaɗai ba: tafiya da sauri minti 45 zuwa 60, sau 3 a mako. A ranar ciwon kuwa, ki kwanta rigingine ki jawo gwiwoyi zuwa ƙirji na daƙiƙa 30, ko ki durƙusa ki zauna a kan dugadugai, goshi a tabarma, hannuwa a miƙe, jakar tana kan ƙugu.

Yanzu ga inda jakar ta gaza, kuma nan ne ya fi damun mu. Bakin mahaifa siririyar hanya ce, ta nan jini ke fita. Hanyar tana iya tsukewa ko ta toshe gaba ɗaya. Wasu da haka aka haife su, amma yawanci tabo ne: bayan wankin ciki, ko yagewa wajen haihuwa, ko aikin yanka ko ƙonawa a bakin mahaifa, ko ciwon sanyi da ya daɗe, ko gashin da ake yi da na'ura don maganin cutar daji. Kayan matsi masu kaifi da ake cusawa, irin su kanwa da gishiri da haɗe-haɗen da ba a san me ke ciki ba, suna ƙona gaba su bar tabon da ke liƙe hanya. Wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, kuma sau da yawa sai bayan watanni take bayyana.

Alamar da za ki riƙe ita ce jini yana raguwa, ciwo yana ƙaruwa. Ko jinin ya koma ɗigo-ɗigo baƙi, ko ya ɗauke ƙaf alhali ba ciki, amma duk wata ciwon yana zuwa a kan lokacinsa, mara ta yi nauyi. Jinin yana taruwa ne a cikin mahaifa, wani ya bi bututun ƙwai ya koma ciki, abin da kan shafi haihuwa daga baya. In ƙwayoyin cuta suka shiga sai zazzaɓi da ruwa mai wari. A nan jakar za ta rage raɗaɗin ta kuma jinkirta zuwa asibiti, ba ɗumi ko atisayen da ke buɗe tabo. Iyaye mata kuma su lura: yarinyar da ta balaga, mara na ciwo duk wata amma ba ta taɓa ganin jini ba, ko ta kai shekara 15 ba al'ada, a kai ta a duba, don wani lokaci tantanin gaba ne a rufe.

Wurin zuwa shi ne sashen likitocin mata, kamar na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Jiha a Gombe. Ki tafi da ranakun al'adarki na watanni uku a rubuce, ki faɗi duk aikin da aka taɓa yi miki, da duk abin da kika taɓa cusawa, ba tare da kunya ba. Za a yi gwajin ciki, a yi hoton mara don a ga ko jini ya taru, sannan likita ya gwada wuce siririn ƙarfe mai kaurin milimita 1 zuwa 2. In bai shiga ba, an tabbatar. Maganin shi ne a buɗe hanyar da ƙarafa masu santsi, daga ƙarami zuwa babba, bayan an kashe zafi, wani lokaci a fara tausasa wurin da misoprostol. Wannan ƙwayar ta hannun likita ce, ba ta saye a kyamis ba. Akan bar ɗan bututu a wurin na mako 4 zuwa 6 don kada ya sake liƙewa, domin tabo yakan dawo. Kwanakin farko bayan aikin mara takan murɗa, jakar tana da amfani sosai a nan. In jinin ya sake raguwa a watannin da suka biyo baya, a koma asibitin tun kafin ya ɗauke.