Ka gama makarantar sana'a a Damagaram: wane injin walda za ka fara saya?

Takarda ta shigo hannu, CAP ce ko BEP ko Bac ɗin fasaha. Kawu da yaya da inna sun tara abin da ya sawwaƙa, an danƙa maka an ce ka fara neman na kanka. Ga wanda ya karanci aikin ƙarfe, wurin da wannan kuɗi ke fara tafiya shi ne injin walda, wanda masu sana'ar ke kira post, kuma nan ne aka fi tafka asara. A makaranta ka saba da manyan injuna masu cin wutar 380 V, ga malami a kusa. Shagon da za ka kama a Garin Malam ko Karkada ko bakin hanyar Tanut ba haka yake ba. Layi ɗaya ne na 220 V, wanda yakan yi rauni da tsakar ranar bazara lokacin da kowa ya kunna fanka da firji, ga ƙurar hunturu, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Don haka kafin ka tambayi farashi, ka amsa wa kanka abu biyu: wane aiki zai riƙa zuwa maka, kuma wace wuta gare ka.

Aikin da garin nan ke kawo wa sabon mai walda sananne ne. Ƙofofi da tagogi, gadon ƙarfe, rumfa, murhu, teburin ƴan makaranta, ƙafar tankin ruwa tun da kowa ya san matsalar ruwa a Damagaram, firam na ɗora faifan sola, gyaran kurar ƴan ga-ruwa da amalanken jaki ko na shanu. Yawancinsa bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, na 20 zuwa na 40, da korniya, wato ƙarfe mai siffar L, da tol, wato fallen ƙarfe, mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5. Irin wannan aiki bagit, wato sandar walda, mai kaurin milimita 2.5 yake ci, sai 3.2 in an zo kan gatarin amalanke ko ƙafar tanki. Ka tuna lissafin da aka koya maka a aji: ka cire ɗaya daga kaurin bagit, ka ninka da 50. Bagit 2.5 na son wutar walda ta kimanin amfiya 75, na 3.2 na son 110, na 4 na son 150. Ke nan injin da ke ba da amfiya 160 na gaskiya ya ishe ka kusan duk abin da za a kawo maka a shekarun farko. Wanda ya ce maka sai ka sayi na 300 ko 400, kuɗinka yake so.

Sai wuta. Babban kason wutar wannan yanki daga Najeriya yake zuwa ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma ba wanda ya manta yadda aka yanke ta a watan Agusta na 2023 har zuwa Maris na 2024. Masu walda da suka dogara ga kamfanin wuta na NIGELEC kaɗai sun sha wuya a watannin nan. Ko lokacin da akwai wutar, ka duba mitar shagon kafin ka biya haya. Mitar 3 kW ba ta ɗaukar fiye da amfiya 15 ko kusa da haka. Walda a kan amfiya 110 da ƙaramin inji na jan kusan amfiya 20 daga bango, saboda haka kana cikin ƙona bagit 3.2 makatsar wutar za ta faɗi. Mitar 6 kW ce mafi ƙanƙantar abin da shagon walda zai iya zama da shi. Kada kuma ka yarda a ja maka waya daga gidan maƙwabci. Haramun ne a dokar kamfani, kuma siririyar wayar za ta yi zafi ta cinye ƙarfin wutar kafin ta iso gare ka.

Taransifoma, inbata, da gurup mai walda

Taransifoma shi ne tsohon hannu, irin mai nauyin da mutum biyu ke ɗagawa da ƙyar. Wasu na kamfani ne, wasu a nan gida ake naɗa su. Amfaninsa juriya: ƙura ba ta dame shi ba, kuma in ya ƙone akwai masu naɗin waya da za su tashe shi. Illarsa cin wuta. Da wuta ta yi rauni bagit zai riƙa maƙalewa a jikin ƙarfe, kuma duk lokacin da ka ƙyasta, fitilun maƙwabta za su lumshe, daga nan rigima ta fara. Wutar da yake fitarwa mai kai-da-komo ce, tana tafiya daidai da bagit 6013 da kowa ke aiki da shi, amma 7018 na aikin da ke ɗaukar nauyi yakan ba shi wahala. A kan tol siriri kuwa yana yawan hudawa, don saitinsa tsalle-tsalle ne, ba a hankali ba. In shi za ka saya, ka sa a kankare wayar naɗin a gabanka ka ga ko jan ƙarfe ce ko alminiyom aka shafa wa fenti, don ta alminiyom ta fi saurin zafi da sakin jiki a mahaɗa. Na gida wanda ba shi da akwati, wayoyinsa a fili, mu dai ba ma ba kowa shawarar sa. Ko ba a walda, tsakanin bakinsa biyu akwai 50 zuwa 80 V, kuma jikin da ya jiƙe da gumi a ƙasa mai laima ba ya wasa da wannan.

Inbata shi ne ƙaramin nan mai nauyin kilo 4 zuwa 8 da ake ratayawa a kafaɗa a hau babur. Ga mai farawa, a ganinmu, shi ne zaɓi na farko. Yana cin wuta ƙasa da taransifoma sosai, yana jure raunin wuta, saitinsa na tafiya amfiya bayan amfiya har ka iya haɗa tol ba tare da ka huda ba, kuma yana ƙona 7018. Sabon mai walda ba ya zama a shago yana jira, shi ke bin aiki gidajen da ake ginawa, to injin da zai ɗauka da hannu ɗaya ya fi masa.

Amma a nan ne ha'inci ya fi yawa. Za ka ga akwati an rubuta masa 300 ko 400 da manyan lambobi, allonsa ma yana nuna hakan in ka murɗa, alhali abin da yake fitarwa bai kai rabi ba. Juya shi ka karanta farantin bayani da ke baya ko ƙasa. Nemi inda aka rubuta I1max, wato iyakar abin da yake ja daga bango. Injin da ke ba da amfiya 160 na gaskiya yakan ja kusan 30. Don a fitar da amfiya 300 ana bukatar kilowat 9.6 a bakin bagit kaɗai, abin da soket ɗin 220 V na gida ba zai taɓa bayarwa ba. In ka ga 300 a gaba, I1max kuma ashirin da ƴan kai, ka san lambar ado ce. Sannan ka duba layin da ke da alamar X da kaso cikin ɗari. Wannan juriyar aiki ce a cikin minti 10: kashi 60 na nufin walda minti 6, hutu minti 4. Ƙa'idar duniya ta ce a auna ta a zafin digiri 40, wanda shi ne zafinmu na yau da kullum a bazara, amma masu araha sukan auna a wuri mai sanyi don lambar ta yi kyau. Nemi wanda ke ba da aƙalla amfiya 110 zuwa 120 a kashi 60. Wanda ba shi da farantin bayani kwata-kwata, ajiye shi.

Abin da ke kashe inbata a garin nan uku ne: ƙura, zafi, da gurup (wato janareta) maras kyau. Fankarsa na zuƙar iska, tare da ita garin ƙarfen da injin gurza ke fesawa, ya kwanta a kan allon lantarki har wata rana ya haɗa wuta. Maganinsa ka ɗora shi a kan benci, ba a ƙasa ba, ka juya tartsatsin gurza nesa da shi, kuma duk mako biyu a lokacin hunturu ka cire shi daga wuta, ka jira ƴan mintuna, ka buɗe ka hure da busasshiyar iska. In fitilar zafi ta kama, bar shi a kunne fankar ta sanyaya shi, kada ka kashe. Kafin ka biya kuma, tambayi masu gyaran lantarki wane samfuri suke da kayan gyaransa, don wani allon in ya ƙone sai an aika Kano ko Yamai.

Gurup mai walda, wato inji mai shan fetur ko gazuwal wanda ke walda da kansa, shi ne ƴancin kai daga wutar gari. Da shi za ka karɓi aiki a Mirya ko Magarya ko ƙauyen da ba layi, ranar kasuwa ka gyara amalanke da garma. Sai dai ya fi sauran tsada nesa ba kusa ba, yana son mai kullum, da canjin man inji da matatar iska a kai a kai, kuma sai da abin ɗauka. Ba shi ne sayen farko ba, sai in tun farko ka yanke cewa a ƙauye za ka zauna. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce inbata yanzu, gurup na yau da kullum daga baya. Ka nemi mai kVA 6 zuwa 7 mai na'urar daidaita wuta, wadda ake rubuta wa AVR. Na kVA 5 zai ɗauki bagit 2.5 kawai ba tare da ya shaƙe ba. Ka tada gurup tukuna ya daidaita kafin ka kunna inbata, ka kashe inbata kafin ka kashe gurup, kuma kada ka bari mai ya ƙare kana cikin walda, don hawa da saukar da yake yi a lokacin ne ke ƙona allon lantarkin inbata. Walda da sola kuwa tana yiwuwa, amma batura da na'urar da za su ɗauki wannan nauyi sun fi ƙarfin jarin mai farawa.

Kada inji ya cinye jarin duka

A ce jika 300 aka haɗa maka. In ka zuba 250 a inji, ranar da aikin farko ya zo ba ka da abin yanka ƙarfe. Mu muna ganin kada inji ya wuce rabin abin da ke hannunka. Sauran na injin gurza ne, wanda aka fi sani da mil, da injin huda, da abin rufe fuska, safar hannu ta fata, sukwaya, mita ta awo, maɗauri biyu ko uku, da kwalin bagit. Ka kuma ware kuɗin ƙarfen ƙofa ɗaya da taga ɗaya da za ka ƙera ka jingina a bakin shago, don mai wucewa aikin hannunka yake son gani, ba takardarka ba.

A mil, fara da ƙaramin mai faifan milimita 115 ko 125. Yana juyawa kusan sau 11,000 a minti, babban na 230 kuma kusan 6,500. Wannan bambanci ne ya sa ba a ɗaura babban faifai a ƙaramin mil: an cire murfin kariya, faifan na gudun da ya fi ƙarfinsa, in ya fashe fuska yake nufa. A zoben ƙarfen da ke tsakiyar faifai akwai ranar ƙarewar aikinsa, ka duba. Sayi gawayin mil na ajiya, wato ƴan guntayen da ke kai wuta cikin injin waɗanda ke cinyewa, tun ranar farko. Gilashin rufe fuska ya zama lamba 10 ko 11. Tabarau na rana ba ya tare hasken walda, kuma wanda ya taɓa kwana da ido kamar an zuba masa yashi ya san abin da muke nufi. Idon nan shi ne jarinka na shekara arba'in.

Wayoyin da ke zuwa da injuna masu araha sau da yawa gajeru ne, kuma alminiyom ne da aka lulluɓe da jan ƙarfe. Kankare bakin waya da wuƙa, in fari ya bayyana ka san sai ka canza. Wayar walda ta jan ƙarfe mai kaurin 16 mm² ta isa amfiya 160 in ba ta da tsawo, ta 25 ta fi kwanciyar hankali. Wayar da za ta kawo wuta daga bango kada ta gaza 2.5, in ta wuce mita 20 ka koma ta 4, kuma ka warware ta duka, don a naɗe zafi take yi.

Inda za ka saya

Kano na da nisan kilomita 240 ko kusa da haka, kuma zaɓi ya fi yawa can. Amma ka lissafa kuɗin mota, canjin sefa da naira, da duwan, sannan ka tuna cewa injin da ya mutu bayan sati biyu ba za ka iya mayar da shi cikin sauƙi ba. Ɗan kasuwar da ke nan gari, wanda ya san mahaifinka kuma zai rubuta maka rasit da wa'adin garanti, ƙarin da ya ɗora ba asara ba ne. Na hannu da ake kawowa daga Turai wasunsu nagari ne ƙwarai, sai dai da yawansu na 380 V ne, ba za su tashi a layin shagonka ba. Karanta farantin kafin ka yi ciniki. Ka kuma leƙa ofishin FAFPA, asusun tallafa wa koyon sana'a, da na ANPE, hukumar samar da aikin yi, ka tambayi ko akwai wani shirin tallafi ko ƙarin horo da ke buɗe a lokacin, da takardarka a hannu.

Ranar sayen kada ka tafi kai kaɗai. Roƙi malaminka na aji ko maigidan da ka yi koyon aiki a wurinsa ya raka ka, ka ce masa, "Malam, ina so ka sa mini ido." Ka tafi da guntun ƙarfe biyu, ɗaya siriri ɗaya mai kaurin milimita 6, da bagit 3.2 guda biyar da 2.5 guda biyu. Sa injin a kan 110, ka ƙona biyar ɗin a jere ba hutu. Ka lura ko wutar na kamawa da ƙyastawa ɗaya, ko ɓawon walda na ɓarewa da kansa, ko fankar na juyawa ba ƙara, ko fitilar zafi ta kama kafin bagit na huɗu. Taɓa wayoyin da maƙallin ƙasa ka ji zafinsu. Sannan ka sauke zuwa 70 ka gwada siririn. In malamin na da na'urar awon amfiya mai baki kamar ƙaguwa, irin mai auna wutar DC, wato wadda inbata ke fitarwa, a maƙala ta a wayar walda a kwatanta da abin da allon ke nunawa. Mai shagon da ya ƙi a gwada a gabansa, ku yi masa sallama ku wuce na gaba.