Sensar salansa da gwangwanin tare baƙin mai a Camry mai gas: wanne ya biya kuɗinsa?

Motata Camry ce ta 2008, wadda muke kira Muscle, mai injin 2.4. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 na bi sahun masu mayar da mota gas, aka ɗaura mini tukunyar CNG a but. Kuɗin zirga-zirga tsakanin Kaduna da Abuja ya ragu, wannan ba musu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, idan na taka totur a hawa, ga lodi ga AC, motar kan yi nauyi a gas fiye da kima, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce ai haka gas yake. Na san gas yana ɗan rage ƙarfi, amma ina so in gani da idona nawa ne na gas, nawa ne na rashin saiti. Shi ya sa na yi odar agogon auna hayaƙin salansa mai suna AEM X-Series, wanda ke zuwa da sensar Bosch LSU 4.9, irin mai faɗin awo da ake kira waidban. A tafiya ɗaya na haɗa da gwangwanin da ke tare tururin baƙin mai kafin ya koma cikin injin, tunda motar ta kwana biyu kuma ta fara lasar baƙin mai.

Aikin sensar shi ne ta shinshina hayaƙin salansa ta faɗi ko injin ya ƙona man daidai da iskar da ya shaƙa. A fetur, daidai ɗin shi ne iska kashi 14.7 ga mai kashi 1 ta fuskar nauyi. Tsohuwar sensa, mai bayar da wuta tsakanin 0.1 da 0.9 na bolt, iyakar abin da ta sani shi ne mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ba ta san da nawa ba. Waidban kuwa lamba take ba ka. A gas lissafin ya kai wajen 17 ga 1, don haka na juya agogon zuwa ma'aunin lamda, inda 1.00 ke nufin daidai ko wane irin mai ake ƙonawa. Ƙasa da 1 mai ya rinjayi iska, sama da 1 iska ta rinjayi mai. Duk mai mota mai shan fetur da gas, wannan ma'aunin ya kamata ya zaɓa tun ranar farko, don kada lambobi su ruɗa shi.

Sai dai in faɗi gaskiya kafin wani ya kwashi kuɗinsa: sensar gaba ta Camry ɗin nan, da ta yawancin motocin zamani, ita ma mai faɗin awo ce. Da ƙaramar sikana ta OBD2, wadda ake jonawa a soket ɗin duba lafiyar mota, da waya za ka iya leƙa abin da take gani. Bambancin shi ne agogon yana gaban idonka kullum, yana amsawa nan take, ba sai ka riƙe waya kana tuƙi ba. Wanda bai taɓa komai a injinsa ba, sikana ta ishe shi.

Wahalar duk tana wajen ɗaurawa. Sai an huda bututun salansa an yi waldar wata ƴar goro mai zaren M18 da sensar za ta shiga. Ƙa'ida ita ce ta zauna kafin kataliza, wato matatar hayaƙin salansa, kuma kamar santimita 45 daga bakin injin don kada zafi ya cinye ta. A wannan injin kataliza tana manne da manifol, inda hayaƙi ke fitowa daga injin, wato babu wurin hudawa kafin ta. Ni dai tun kafin motar ta zo hannuna an riga an kwashe ragar da ke cikin katalizar, wadda ake kira indomi, sai muka huda a bututun da ke ƙasa. Wanda katalizarsa ke da rai ya sani cewa awon bayanta ba abin dogaro ba ne sosai, kuma ban ba shi shawarar fasa ta saboda agogo ba.

A Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe, na sami mai walda, yaro mai hannu, ya shiga ƙarƙashin mota ya sa alli a jikin bututun ta ƙasa.

"Oga, nan zan huda, hannu ya fi shiga."

"A'a Malam, ɗaga ta gefe, ka karkata sama. So nake wayar ta kalli sama, bakin ya kalli ƙasa."

"To ai za ta matsu da jikin mota."

"Ta matsu ɗin, in dai ba ta taɓa ba."

Dalili kuwa ruwa ne. Salansa tana tara raɓa idan ta huce, gas kuma ya fi fetur fitar da tururi. Cikin sensar akwai ɗan tangaran da hita ke gasawa har kusan digiri 780, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya tsaga shi, kamar yadda kofin gilashi mai zafi ke fashewa in an zuba masa ruwan sanyi. Shi ya sa ake son ta karkata aƙalla digiri 10 sama da kwance. Mun cire kan batir kafin walda, kuma ba a ɗaura sensar ba sai da ƙarfen ya huce aka goge tartsatsin da ke cikin zaren. Bayan nan na sa aka tada mota, muka bi layin waldar da ruwan sabulu. Ko ƙaramar ƙofa ce a gaban sensar, iskar waje za ta shiga, agogon ya riƙa nuna maka ƙarancin mai alhali ƙarya ne.

Wajen mai rewaya abu biyu na tsaya a kai. Wutar ta fito daga layin da ke zuwa sai an murɗa makulli, da fiyus ɗinta na amfiya 5, ba kai tsaye daga batir ba. Sannan kada a yanke wayar sensar don a ƙara mata tsawo ko a sauya soket, domin a cikin soket ɗin akwai ɗan abin saitin da aka auna wa wannan sensar ita kaɗai tun daga masana'anta. Ya so ya yanke don ta wuce ta ramin bangon da ke tsakanin injin da cikin mota da sauƙi, na ce a zagaya da ita. Wata ɗabi'a kuma da na daina ita ce buɗe makulli in zauna ina jin rediyo kafin in tada mota, don hitar za ta gama gasa sensar, sannan tururin farko mai sanyi ya zo ya buge ta.

Abin da agogon ya nuna mini ya biya kuɗinsa. A sulo da tafiyar cikin gari, fetur ko gas, yana wasa ne a gefen 1.00, domin ƙwaƙwalwar mota tana gyara kanta. Idan na ɗaga ƙafa a gangara sai ya tafi can ƙarshen sama, wannan ba matsala ba ce, injin ne ya yanke mai. Wurin da asiri ya tonu shi ne taka totur har ƙasa. A fetur lambar kan sauka wajen 0.85, wato mota ta ƙara mai don ƙarfi da sanyaya bawul. A gas kuwa sai na ga tana hawa, ta wuce 1.00, ta doshi 1.10, daidai lokacin da motar ke yin nauyin nan. A wannan yanayin ƙwaƙwalwar ba ta bin sensa, don haka ba mai gyarawa, kuma fitilar injin ba ta kama ba ko sau ɗaya. Gas busasshe ne, ba ya sanyaya bawul yadda fetur ke yi, in aka ƙara masa ƙaranci a kan lodi, kan injin ne zai biya bashin.

Na koma wajen masu gas da wannan bayanin. Aka sauya matatar gas da ta toshe, aka ɗaga matsin regileta, mai saitin ya zauna a gefena da kwamfuta muna hawa muna sauka yana gyara lissafin gas ɗin da ke shiga injin. Yanzu a cikakken totur tana zama ƙasa da 1, nauyin ya ragu ƙwarai. Da kunne kawai aka yi saitin farko, a tsaye cikin gareji.

Gwangwanin kuwa labarinsa gajere ne. Kowane inji yana da hayaƙin da ke sulalewa ta gefen ringi zuwa ƙasa, bawul ɗin PCV ya mayar da shi manifol ɗin shaƙar iska tare da tururin baƙin mai. Gwangwanin yana shiga tsakani ne ya tare man, iskar ta wuce. Na farko da na saya mai araha ne marar suna, na kwance shi na tarar fanko ne, ba raga ba shinge, tururin shiga yake ya fita abinsa. Tiyon da ya zo da shi ma ya laushi da zafi har ya shanye. Na sauya da mai shinge a ciki da sandar duba mai, na sa tiyo mai jure baƙin mai, na ɗaure shi nesa da manifol ɗin salansa. Ranar farko sulo ya ɗan rikice, aka ji siririn fito, ashe robar murfin ce ba ta zauna ba. Layin nan na zuƙa ne, duk iskar da ta saci hanya injin bai lissafa da ita ba. Saboda haka ma ban yarda da masu barin gwangwanin a buɗe da ƴar matata a kai ba.

Yana tarawa kuwa. Duk sanda zan sauya mai nakan zazzage wani baƙin ruwa mai warin fetur, da hunturu kuma ya koma ruwan ƙasa-ƙasa mai kauri saboda raɓa. Ba a mayar da shi cikin injin, wurin tsohon mai ake zuba shi. Bakin totur ya fi zama da tsabta, na ga wannan. Amma shan baƙin mai bai daina ba, don wanda ke bi ta ringi yana ƙonewa a kan fistin bai san da wani gwangwani ba. Duk wanda aka sayar masa da shi a matsayin maganin shan mai, an sayar masa da abin da ba shi ba.

Masu ainihin cin moriyarsa su ne masu injin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, irin Accord 2.4 daga 2013, Sonata mai GDI, ko Volkswagen mai TSI. A nan fetur ba ya wanke bayan bawul, sai man ya daskare ya zama gawayi. Camry ɗina tana fesawa ne a bayan bawul, sai dai tunda yawancin tafiyata a gas ce wankin ya ragu, shi ya sa na bar gwangwanin a wurin. Wanda ya san ba zai riƙa buɗe bonet yana dubawa ba, kada ya sa, domin in ya cika injin zai fara zuƙar abin da ya tara.