Ɗakin gwajin da ya duba tsokar yayata, abin da na gani

Bayan an yanki tsoka a nonon yayata an tabbatar kansa ce, likita ya ce sai an ƙara wani gwajin kafin a fara magani, a gane ko ciwon yana bin homon ne, wato sinadaran da jiki ke fitarwa, ko kuma mai HER2 ne, wani furotin da ke sa ƙwayoyin kansa saurin girma. Aka tura mu wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Kano, na je da tsokar a cikin ɗan dunƙulen kakin nan da asibiti suka ba mu, na naɗe shi a hankici wallahi hannuna har rawa yake.

Laifinsu dai na jira ne, sun ce kwana goma sai da muka yi sati uku, kuma in ka kira waya ba a ɗauka sai ka taka ƙafa ka je, kuɗin ma akwai zafi gaskiya.

Amma likitar da ta ba ni sakamakon ta wanke min zuciya. Ta zaunar da ni ta ce ciwon Yaya mai HER2 ne, kusan ɗaya cikin biyar na kansar mama haka suke, akwai allurar Herceptin da ake yi duk sati uku har shekara, ana kuma duba zuciya saboda allurar tana iya taɓa ta.

Nan na nuna mata tallan da wata ta turo min a WhatsApp wai rigakafin kansar mama na DNA. Ta karanta ta girgiza kai, ta ce ƙanwata binciken gaskiya ne amma ba a kai ga sayarwa ba. Ana saka ɗan guntun DNA ne, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halitta, jiki ya ƙera alamar HER2 sojojin jini su gane ta, sai a haɗa da wani furotin irin HSP70, wanda ƙwayoyin jiki ke fitarwa idan zafi ya matsa musu, shi yake ɗaukar alamar ya miƙa wa sojojin su farka, kuma wannan haɗin mafi yawa a jikin ɓeraye aka gwada shi. Da ba don likitar ba da mun tura wa masu tallan kuɗin, don har Mama ta fara maganar sayar da 'yan kunnenta.

In za ku je ku tafi da takardar sakamakon farko, mu mun manta sai da na koma gida ɗaukowa.