Saitin Kwamfutar Mota: Na Saye Ko Na Kan Daino?

Ka sauya wa motarka bututun shaƙar iska, ka sa salansa mai faɗi, wataƙila har da babbar turbo. Sai ta fara mutuwa a danja, silo yana hawa yana sauka, in ka taka totur ta yi jim kafin ta ɗauka. Kwamfutar injin, wato ECU, har yanzu da tsohuwar iska take lissafi. Hanya biyu ce a gabanka.

Ta farko, ka sayi saitin da aka riga aka rubuta, ka loda ta kafar OBD, wato inda ake jona na'urar duba mota, cikin 'yan mintuna. Ya fi araha, kuma yana aiki idan kayan da ka sa su ne ainihin waɗanda aka rubuta shi dominsu. Da zarar faɗin bututun da na'urar auna iska ke ciki ya bambanta, lissafi ya karkace.

Ta biyu, a ɗaure motar a kan daino, wato na'urar da ke auna ƙarfin injin motar tana wuri ɗaya, ƙwararre ya zauna da kwamfutarsa yana duba haɗin iska da mai. A silo ana neman iska kashi 14.7 bisa mai kashi 1. Idan turbo ta buɗe wuta, sai a ƙara mai, haɗin ya sauko wajen 12 bisa 1, a jinkirta wutar fulogi don kada injin ya yi ƙwanƙwasar nan da ke fasa fistan.

Ni wannan na fi yarda da ita. Sai dai ka dage ya fita titi tare da kai, domin daino ba ya nuna komai da komai: a tayar da ita da sanyin safiya, a yi tafiyar hawainiya cikin cunkoso, a kunna esi tana tsaye a ga ko allurar silo za ta girgiza.