hostname ko hostnamectl: wanne ne ke canza sunan sabar har ya zauna?

Ɗan'uwa, ka ce ka buga `sudo hostname web01` a sabar ɗinka ta Ubuntu, sunan ya canza, amma da ka kashe ka kunna sai tsohon ya dawo, kana tambaya ko `hostnamectl` ya fi. Ya fi, nesa ba kusa ba.

Umarnin `hostname` sunan da ke cikin ƙwaƙwalwar na'ura kawai yake taɓawa, ba ya rubuta komai a faifai. Da na'ura ta tashi sai ta karanta `/etc/hostname`, ta tarar da tsohon suna, ta ɗauka. Amfaninsa gwaji ne na ɗan lokaci, ko kuma a tsarin Linux da ba shi da systemd (manhajar da ke tayar da ayyukan na'ura tana kula da su) irin Alpine, inda za ka gyara `/etc/hostname` da hannu sannan ka buga `hostname -F /etc/hostname`.

Shi kuwa `hostnamectl` na systemd ne, kana da shi a Ubuntu 16.04, Debian 8, CentOS 7 da duk na bayansu. Buga `sudo hostnamectl set-hostname web01` sau ɗaya, zai canza na ƙwaƙwalwa ya kuma rubuta a `/etc/hostname`, ba sai ka sake kunna na'ura ba. In ka ga tsohon suna har yanzu a gaban layin da kake rubutu, kada hankalinka ya tashi, fita ka sake shiga ta SSH.

Amma fa dukkansu biyun ba sa taɓa `/etc/hosts`, fayil ɗin da ke haɗa suna da adireshin IP, kuma a nan mutane suka fi faɗawa. A Ubuntu da Debian akwai layin da ya fara da 127.0.1.1 ɗauke da tsohon suna. In ka bar shi haka, `sudo` zai riƙa ɗan jinkiri yana kukan "unable to resolve host". Mayar da layin ya zama `127.0.1.1 web01`, ka tabbatar da `hostname -f`.

Idan sabar haya ce, irin ta AWS ko DigitalOcean, akwai wani tarkon: cloud-init, manhajar da ke saita irin wannan sabar lokacin da take tashi, na iya dawo da tsohon suna ko da ka yi amfani da `hostnamectl`. Buɗe `/etc/cloud/cloud.cfg`, ka sa `preserve_hostname: true`.

Sunan kansa: haruffan a zuwa z, lambobi da karan tsakiya (-) kawai, kada ya fara ko ya ƙare da karan, kuma kada ya wuce haruffa 63 tsakanin ɗigo da ɗigo. Ƙ, ɗ da ɓ ba sa shiga, don haka "ƙofa" sai dai `kofa`. In kana son cikakken suna da Hausa, `hostnamectl` kaɗai ke da wannan damar: `sudo hostnamectl set-hostname --pretty "Sabar Ƙofa"`, ana ajiye shi a `/etc/machine-info`.

Kafin ka taɓa komai, duba abin da ke gudana a kanta. RabbitMQ, mai jera saƙonni tsakanin manhajoji, yana ajiye bayanansa ƙarƙashin `rabbit@tsohonsuna`, don haka da sabon suna zai tashi kamar ba a taɓa saka masa komai ba, layukan saƙo duk babu. Postfix, mai aika imel, shi ma yana riƙe da nasa sunan a `myhostname` cikin `/etc/postfix/main.cf`, sai ka gyara ka sake tayar da shi.