Nafkin ɗin da muka raina, a Ingila sai ka bi layi kafin a ara maka

Muna cikin hira da Yaya ta bidiyo sai ta katse maganar da take yi, ta ce, "Ke tsaya, me nake hangowa a bayanki? Nafkin? Kina Turai kina wankin kashi? In babu ce ta same ku ki faɗa mini, ai ba a kanku aka fara ba." Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, don na san ba ita kaɗai ke da wannan tunanin ba. A wajenmu yanzu duk wadda aka ga nafkin a igiyar shanyarta an gama yanke mata hukunci, ko dai mijinta ya gaza ko kuma ita ce ba ta waye ba. Shi ya sa na ga ya kamata in ba ku labarin abin da na gani a nan da idona.

Bayan na haihu, ma'aikaciyar lafiyar da ke zuwa gida duba mai jego ce ta ba ni kwatancen wani wuri a unguwarmu da ake aron nafkin na yadi. Aro fa, ba saye ba. Ɗaki ne guda a zauren taron unguwa, iyaye mata ne ke kula da shi don raɗin kansu, ba wanda ke biyansu. Da na shiga sai na tarar da tebur shaƙe da nafkin kala-kala, ga mata zaune da jariransu suna jiran a zo kansu. Wadda ke kusa da ni likita ce, ta gabanta malamar jami'a. Babu wadda famfas ya fi ƙarfinta a cikinsu. Wata dattijuwa ta ɗauko guda ta buɗe mini shi a tafin hannu. An ɗinka shi da siffar famfas sak, da roba mai laushi a bakin cinya, da jerin maɓallai a gaba waɗanda ake matsewa ko a sassauta yayin da yaro ke girma, har guda ɗaya ya kai shi daga watannin farko zuwa lokacin hawa fo. A ciki akwai aljihu da ake zura yadi mai shan ruwa, na auduga ko na zaren gora, a sama kuma a shimfiɗa wani siririn ƙyalle da ke tare kashi, a ɗage shi a kakkaɓe a masai. Babu fil da zai soki yaro, babu wandon robar nan mai zana wa jariri ja a cinya. Ta kuma ɗauko irin namu na da, fari mai kusurwa huɗu, ta ninke shi a gabana da irin ninkin da na ga mahaifiyata tana yi wa ƙannena. Sai da idona ya kawo ruwa. Ta ce har gobe shi ne ya fi saurin bushewa, kuma mata da yawa shi suke komawa.

Aka haɗa mini jaka guda in je in gwada na wasu makonni, in ga wanda ya zauna wa yarinya kafin in sayi nawa. Wasu ƙananan hukumomi a Landan har takardar rangwame suke ba iyaye don su saya. Lissafi ne ya sa su. Jariri sabon haihuwa kan buƙaci canji sau 10 zuwa 12 a yini, kuma kafin yaro ɗaya ya bar famfas yakan cinye tsakanin 4,000 da 6,000. A Birtaniya ana zubar da wajen biliyan 3 a shekara, hukuma ce kuma ke biyan kuɗin kwashewa da binnewa ko ƙonawa. Nafkin kuwa guda 20 zuwa 25 sun ishi yaro, ƙaninsa ma ya gada.

Kada ku ɗauka abin duk daɗi ne. Ƙasar nan ba ta da rana. Da hunturu sai ka shanya nafkin yau, gobe ka taɓa ka ji shi da danshi. Ɗaki ya cika da shanya, gilashin taga na zubar da raɓa, bango ya fara yin baƙin funfuna, mai gida na ƙorafin kuɗin wuta. Kayan jarirai na kanti duk an yanka su ne daidai da siririn famfas, sai ka sa wa yarinya nafkin wando ya ƙi hawa. A gidan renon da nake kai ta an karɓa, amma akwai ma'aikaciya guda da kullum sai ta miƙo mini jakar masu datti da yatsu biyu tana yamutsa fuska. Kuma ba kowa. Babu ƙanwa, babu maƙwabciyar da za ta riƙe miki yarinya ki ɗauraye. A irin ranakun nan ne nake tuna igiyar tsakar gida, ka shanya da hantsi, kafin azahar ya bushe ƙayau, rana ta cinye tabon har ya yi fari tas. Masu wurin aron ma abin da suke faɗa ke nan, in tabo ya ƙi fita a nemi rana a shanya. Su nema suke yi, mu kuwa tana dukanmu kyauta mun juya mata baya.

Hukumar kula da muhalli ta nan ta fitar da bincike a 2008, ta ce in za a riƙa wanke nafkin da ruwa mai tsananin zafi ana busar da shi da inji, to bai fi famfas sauƙi ga muhalli ba. Amma in aka cika injin wanki kafin a kunna, aka shanya a waje, aka kuma yi wa yaro na biyu amfani da shi, illar kan ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Da na karanta sai na ce ai mu suke kwatantawa.

Ni ma ina amfani da famfas, da dare da kuma in za mu yi tafiya, kuma ban ga laifin wadda ta zaɓe shi gaba ɗaya ba. Matar da ke sayen ruwa a jarka, ko mai tagwaye, ko mai fita aiki tun asuba, wa zai ce mata dole ta yi wanki kullum? Tun da Pampers ya fito kasuwa a Amurka a 1961 ya sauke wa mata nauyi mai yawa. Sai dai shi famfas da motar shara aka yi shi. A nan za ka naɗe, ka ɗaure a leda, ka jefa a mazubi mai murfi, mota ta zo ta kwashe a ranarta. Mu mun karɓi famfas ɗin, motar ba ta biyo shi ba. Sai ka gan shi a kwata ya kumbura, don garin sinadarin da ke cikinsa shan ruwa yake yi ya koma jeli, ledar da aka yi shi da ita kuma ba ta ruɓewa. Ya toshe magudanar ruwa, damina ta zo ruwa ya shigo gidaje. Kare ya ja shi tsakiyar hanya, ƙuda ya sauka a kai ya tashi ya shiga ɗaki, yara na wasa a gefe. Ana cewa kashin jariri ba komai, alhali ta kashi kwalara da taifot da shan inna suke yaɗuwa. Ko kakkaɓe kashin a masai kafin a yar, mata nawa ke yi?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tattalin da ake yi a jikin yaro. Don a ce ana sa famfas, sai a ɗaura wa jariri guda ɗaya tun safe, a bar shi har yamma yana rinjaye tsakanin ƙafafunsa. Na ga inda aka cire wanda fitsari ya jiƙa aka shanya a rana aka sake mayarwa. Fatar yaro ta yi ja, ta saɓule, ƙuraje su feso, yana tsala kuka in ruwa ya taɓa wurin, a ce ai zafi ne ko haƙori. Fitsari da kashi ne suka daɗe a fatarsa. 'Yar'uwa, in kuɗinki bai kai ki canza famfas duk lokacin da ya ɓaci ba, ki sayi yadin auduga ki yanka, ki wanke da sabulu, ki ɗauraye sosai, ki shanya a rana, ki ajiye famfas ɗin don dare da ranar unguwa.